Baƙin da Mma Ta Shanya a Rana

A ɗakin Mma, bayan ƙofa, akwai wani tulu da ba a taɓa zuba masa ruwa ba. Tun muna yara muka san ba abin wasa ba ne. Irin dawar Baba ke ciki, a cakuɗe da toka saboda ƙwari, an toshe bakin da tsumma, an kife ƙwarya a kai. Kaura ce, mai ƙwaya ruwan ɗorawa, ba jar dawar da maƙwabtanmu Dagomba ke nomawa ba. Baba ya ce kakansa ne ya zo da ita daga ƙasar Hausa cikin kayan jaki, zamanin fataucin goro. Ya sauka Tamale da niyyar ya huta kafin ya wuce kudu, hutun da har yau ba mu gama ba.

Ba da noma Baba ya ciyar da mu ba. Gidanmu a Nyanshegu masauki ne. Masu shanu daga arewa, direbobin albasa, masu jinya da ba su da kowa a gari, duk nan suke sauka. Baba ke shiga tsakaninsu da kasuwa, Mma ke da tukunya. Ƙa'idarta guda ce, kuma ba ta yafe wa wanda ya karya ta: baƙo in ya yi sallama a shigar da shi inuwa, a ba shi farau-farau, wato ruwan sanyi da aka dama da ɗan garin gero da sukari, sai ya sha sannan a tambaye shi daga ina. Ƙanena ya taɓa barin wani dattijo tsaye a tsakar gida da rana tsaka, shi yana can yana kallon ƙwallo a talabijin. Har yau in an tuna masa sai ya shafa kunnensa na hagu.

Gonar tana can bayan Gurugu, kuma ba tamu ba ce. Wani gidan Dagomba ne ya ara wa kakan Baba, kowace kaka mukan kai musu dami ɗaya na godiya. Ba ta da girma, yanzu ma gidajen bulo sun kusa cim mata. Baba bai taɓa kai dawar nan kasuwa ba. Tuwonta na ranar suna ne da ranar sadaka, da ranar da wani babban baƙo ya sauka. Kafin a yanke, shi da kansa yake bin kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta dabam, ita ce ke komawa tulu.

A gonar nan ya gamu da ajalinsa. Yana noman firi kututture ya soke shi a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa, bai gaya wa kowa ba. Ni da nake nas a asibiti ni ya fi ɓoye wa, don ya san bakina. Lokacin da ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, abu ya riga ya yi nisa. Muka kwantar da shi, aka yi duk abin da ake yi. Wata safiya Mma ta tare ni a baranda, ta ce in faɗa mata da Hausa abin da likita ya faɗa da Turanci.

Na ce, “Mma, ƙwayoyin cuta ne. Daga ƙasar gona suka shiga ta ciwon, yanzu sun kai jini.”

Ta maimaita kalmar a hankali, kamar tana son ta san sunan wanda ya shigo mata gida ba sallama. Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Aikina ke nan kullum, yaƙi da ƙwayoyin cuta, ina wanke hannu har fatata ta tsage, ina yi wa masu jinya faɗa a kan tsabta, amma na jikin ubana sun fi ƙarfina. Wannan ciwon bai bar ni ba, kuma na daina sa ran zai bar ni.

Da Mma ta fita takaba, abin da ta fara tambaya shi ne wa zai shuka dawar. Ni da ƙanena muka kalli juna. Muka nemi ’yan ƙwadago, mu ma muna zuwa ranar da ba mu da aiki. Sai dai damina ta sake hali. Ruwa ya sauko da ƙarfi mutane su yi shuka, sai ya ɗauke a tsakiya daidai lokacin da tsiro ke neman sa, ya dawo bayan ya gama ɓarna. Shekarar farko muka sami kamar rabin abin da Baba ke samu. Ta biyu ko damin godiya da ƙyar muka haɗa. Masu gonar suka ce mu bar shi, kowa ya ga yadda shekarar ta zo, Mma ta ce ba a yin haka. Abin da ya koma tulu bai cika kwanon sha ba. Na ga ranar da ta zura hannu har kafaɗa kafin ta taɓo iri. Duk mun san in aka sake rasa damina ɗaya, dawar kakan Baba ta ƙare, don ba mu san wani gida a Tamale da yake da ita ba.

Ƙanena yana aiki a wata cibiyar binciken noma a wajen gari, yana haya a Lamashegu. Mutumin kirki ne, mai sanyin hali, ba kamar ni ba. Amma Hausarsa ta ’yan Zangon yanzu ce, yaran unguwannin Hausawa na nan, wadda ba ta san mace da namiji ba. Mma da ta haife shi “ka” yake ce mata. Baba ya yi ta fama da shi har ya gaji ya bar wa Allah. Wata Juma'a bayan la'asar, ana gab da shuka, ya shigo da babur ɗinsa, da ’yar kular ƙanƙara ɗaure a baya. Ya buɗe ya ciro wata ƙaramar leda. Cikinta baƙin gari ne mai ɗan danshi, kamar an daka gawayi.

“Mma, ka ga wannan? Shi zai taimaki dawan Baba.”

Ya zauna a bakin tabarma ya yi bayani, rabi Hausa rabi Turanci, ni ina cike masa inda ya yi tuntuɓe. Akwai ciyayin daji, in ji shi, da suke zama kore ko ruwa ya ɗauke. A wurin aikinsu sun tono saiwoyin ciyayin nan, suka sami wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna zaune a jikinsu. Su suka raina har suka yi yawa, suka zuba su cikin garin nan. In an shafa wa iri kafin shuka, sai su bi saiwa su zauna, su ci ɗan abin da saiwar ke fitarwa, su kuma su sa ta yi tsawo ta yi gashi, su riƙe mata danshi a kewayenta. Ya ce ba ruwa suke kawowa ba, jimiri suke ƙara wa shuka har ruwa ya dawo.

Mma ta saurara har ya dasa aya. Ta ce, “Halittu. Masu rai?”

“Masu rai, Mma. Shi ya sa na sa shi a kula. Rana na kashe su.”

“Me sunansu?”

“Bakteriya.”

Ta juyo wurina. Ni ce tafintarta tun ina firamare, kuma ni ce ’yar fari, don haka ba ta kiran sunana. “Ke, me ake ce musu da Hausa?”

Na lalubi bakina ban sami wata kalma ba. Suna ɗaya Hausa ta ba su, wanda ake faɗa a rediyo, wanda muke faɗa wa mata ranar awo. Ƙanena yana ta ƙifta mini ido. Amma Mma ba macen da ake yi wa kwana-kwana ba ce, ta riga ni.

“Ƙwayoyin cuta,” in ji ta.

“Mma, ba dukkansu ke sa cuta ba,” na ce. “Akwai na kirki. Nonon da kike dama fura da shi, su ne ke sa shi tsami. Daddawa ma aikinsu ce.”

“To me ya sa ake ce musu na cuta?”

Ƙanena ya karɓe, “Mma, sunan ne kawai. Wannan ba cuta koraa, ko kaɗan. Mun gwada shi a masara, ya yi aiki paa, sosai.”

“Daga ƙasa ka ce kun tono su?”

“I, daga ƙasa.”

Ta daɗe tana kallon ledar ba ta taɓa ta ba. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta. “Ku ne kuka yi karatu. Ku yi abin da kuka ga ya dace.” Duk wanda ya san Mma ya san wannan ba yarda ba ce. Ƙanena kuwa murna ya yi, ya mayar da ledar kula ya tafi yana fito.

Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu sosai. Washegari da sassafe ƙanena ya zo. Mma ta juye masa irin da hannunta, ta feɗe tokar a faifai, ta koma gefe ta tsaya. Ya narka sukari a ruwa, ya yayyafa wa irin a cikin roba, ya barbaɗa garin, ya yi ta cakuɗawa har kowace ƙwaya ta koma baƙa. Dawar Baba mai ruwan ɗorawa ta zama kamar kashin ɓera, ni kaina sai da na ji wani iri. Ya baza ta a faifai cikin zaure, inda rana ba ta shiga. Ya ce kada ruwa ya taɓa ta, kada ta ga rana, kuma a shuka kafin rana ta take. Ya ɗibi cikin hannu biyu a leda ya ce zai yi gaba ya fara, mu biyo shi da sauran da abinci. Ni kuma na fita bakin titi neman motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da buɗaɗɗen baya. Ranar kowa gona ya nufa, na daɗe kafin in sami wanda ba a riga an cika ba.

Tun daga ƙofar gida na ga baƙin ruwa yana fitowa ta rariya yana bin lungu. Na shiga na tarar da Mma durƙushe a tsakar gida, ga roba, ga sabulun salo. Ta wanke irin tas, ta ɗauraye har launinsa ya dawo, ta baza shi a tabarma a inda rana ta fi bugawa, yadda take shanya duk abin da take son ya tsarkaka. Tana ta juya shi da tafin hannu, ba ta ɗago ba.

“Mma! Me kika yi?”

“Na wanke masa,” in ji ta. Ta ci gaba da juyawa. “Ƙafar babanku ban wanke masa ba, don bai nuna mini ba. Wannan kuwa na gani da idona.”

A asibiti an san ni da baki. Na sha korar ƙattin maza daga ɗakin haihuwa da magana ɗaya. Ranar nan raina ya ɓaci ƙwarai, amma na buɗe baki na rufe. Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, na rasa wanda zan fara da shi. Na koma zaure na buga wa ƙanena waya. Na gaya masa abin da ya faru.

“Yaya,” ya ce, “ka bar shi. Ka kawo haka nan.”

“Ba sauran garin?”

“Shi ke nan aka ba ni.”

Da irin ya sha iska muka kwashe muka tafi. Muka tarar ya riga ya shuka abin da ya ɗiba a ’yan kunyoyin ƙasan gona, kusa da wata tsohuwar kaɗanya. Sauran gonar duka wankakken iri muka zuba mata. Ya gaida Mma kamar yadda ya saba, ya ɗauki sungumi, ya yi ta aiki har muka tashi. Bayan haka ya ɗauke ƙafa daga gida. Yakan leƙo ya yi gaisuwa a tsaye, Mma ta ce ga tuwo, ya ce ya ci. Ita ma ba ta roƙe shi ba, don a wurin taurin kai ba daga ƙasa ya tsinta ba.

Da farko komai ya tafi daidai. Wankakken irin ya tsiro, akwai giɓi nan da can, amma ya tsiro. Ruwa yana zuwa a kan kari, gona ta yi kore shar, ba ka bambance kunyoyin kaɗanya da sauran. Yadda Mma take gyara ɗaurin ɗankwalinta in mun tsaya a bakin gona ya isa magana. Aka yi firi, dawa ta kawo gwiwa.

Sai ruwa ya ɗauke.

Hadari yakan haɗu ta gabas da yamma, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Mako ya bi mako. Masarar da ke bakin hanyar Gurugu ta fara naɗe ganye, daga baya ta bushe a tsaye da ’ya’yanta ƙanana a goye. A asibiti hirar matan da ke layi ba ta wuce gona, ko wadda ta zo da ciwon haƙori sai ta tambaye ni ko an yi ruwa ta wajenmu. Aka fita sallar roƙon ruwa, limami ya juya rigarsa, maza suka juya nasu, aka yi ta addu'a har tsofaffi na kuka. Muka dawo gida ƙarƙashin sama fes.

Dawa ta fi masara jimiri, amma ita ma tana da iyaka. Tamu takan naɗe ganye da rana ta buɗe da safe. Sai aka zo ranar da ganyen sama suka naɗe ba su sake buɗewa ba. Ganyen ƙasa suka fara komawa launin tabarma, abin yana hawa sama a hankali. Duk ranar da ba ni da aiki Mma sai ta sa in kai ta. Ba abin da za mu iya yi a can, babu rijiya kusa, tsayawa kawai take yi tana kallo. Ni na lura, na san ita ma ta lura: kunyoyin da ke wajen kaɗanya suna shan wuya, amma da safe ganyensu a buɗe yake. Ba ta tambaya ba, ni ma ban tanka ba.

Wata safiya muka tarar da babur ɗin ƙanena a bakin gona. Yana tsugune a wajen kaɗanya. Mma ta bi ta cikin matattun kunyoyi, karan yana ƙara a jikin zanenta, har ta isa inda yake. Ya miƙe ya gaishe ta.

Ta nuna da haɓa. “Waɗannan su ne?”

“Su ne, Mma.” Ya sosa ƙeya. “Amma ba zan rantse ba. Nan wurin gangare ne, ruwa na kwanta. Ga inuwan itace kuma. Wataƙila ko ba garin ma za su tsaya.”

Na san gaskiya ya faɗa, don shi ba ya ƙara gishiri a kan aikinsa. Na kuma san tausayi ne ya sa ya faɗe ta a lokacin. Mma ba ta karɓi sassaucin ba. Ta koma baya ta kama wani mataccen kara, ta ja, ya fito ba gardama, saiwarsa gajera, a bushe. Ta yar. Ta dawo wurin mai rai ta durƙusa, ta sa yatsa tana tonon gefensa a hankali don kada ta ji masa ciwo. Tun rasuwar Baba ban ga ta taɓa ƙasar gonar nan da hannu tsirara ba, ko ranar shuka da cokali ta riƙa ɗibar iri tana takewa da takalmi. Ta tona har ta sami saiwa. Ƙasa ta manne mata dam, da ɗan sanyi-sanyi.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Sukarin nan da ka jiƙa ran nan, na mene ne?”

“Don baƙin ya manne a iri,” in ji ƙanena. “Kuma su samu abin ci kafin saiwa ya fito.”

Baƙin gari yake nufi, launinsa. Amma a bakin ƙanena baƙi na launi da baƙi na mutane duk abu ɗaya ne, ba ya ja inda ake ja, ba ya sauke murya inda ake saukewa. Mma kuwa da kunnen da ta yi shekaru tana jiran sallama ta ji shi.

“Baƙin,” ta ce. Ta zauna a kan kunya, ita da ba ta zama a ƙasa ba shimfiɗa. “Ashe baƙi ne.”

Ta dubi ƙanena.

“An ɗauko su daga daji, ba su san kowa ba. Ka shigar da su zaure. Ka ba su ruwa da sukari.” Ta dubi hannunta mai ƙasa. “Ni kuma ban tambaye su daga ina ba, ban tambaye su me ya kawo su ba. Na ji suna kawai. A gidan babanku na fitar da baƙi rana.”

Ƙanena ya buɗe baki, “A'a Mma, baƙi na ce, wato kala…” Na taka masa ƙafa da ƙarfi, ya haɗiye sauran.

Ranar da Baba ya rasu Mma ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi gaisuwa, ta tabbatar kowa ya sha ruwa, hawayenta a ɗaki ta yi su. A gonar nan kuwa, a tsakiyar busasshen kara, ta yi kuka da sauti kamar ƙaramar yarinya. Ban san nawa ne na dawar ba, nawa ne na mai dawar. Na zauna kusa da ita na riƙe ta, ni ma na yi nawa. Ƙanena ya juya mana baya yana kallon kaɗanya, kafaɗunsa suna motsi. Da muka tashi tafiya ta ce masa ya biyo mu gida ya ci tuwo, ya ce to.

Ruwa ya dawo daga baya, da yawa ma, lokacin da ba zai tashi abin da ya mutu ba. Saman gona ya tafi gaba ɗaya. Kunyoyin kaɗanya suka farfaɗo, suka miƙe, suka ɗauki ciki, suka fid da kai. Zangarniyoyin ƙanana ne, Baba da ya gansu da ya yi tsaki. Mma da kanta ta bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Ba a sami dami ba, amma sai da ta ware kaɗan a faifai ta sa muka kai wa masu gona, tsohon gidan ya karɓa da hannu biyu ya daɗe yana sa albarka. Sadakar Baba ta shekarar da dawar kasuwa aka tuƙa ta. Abin da ya koma tulu bai kai wanda ya fita ba, amma tulun bai kwana wayam ba.

Har yau in na tambayi ƙanena ko garin ne ya ceci kunyoyin nan, sai ya ce bai sani ba, sai an gwada a wuri mai yawa, shekara da shekara. Na daina tambayarsa. Mma kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Tun daga ranar ba ta sake cewa ƙwayoyin cuta a kan garin nan ba. In ta ga ƙanena sai ta ce, “Yaya baƙin nan? Ana kula da su?” Shi kuma ya ce suna gaishe ta.

Da damina ta kewayo ya zo da kularsa tun ana sauran kwanaki. Mma ta karɓa ta kai ɗakinta, ta ajiye kusa da tulu. Da yamma ina taya ta tsince wake, ta yi magana ba ta dube ni ba.

“Ke. Waɗanda suka shiga ƙafarsa, danginsu ne?”

Na ce, “Dangi ne, Mma, amma na nesa ƙwarai.”

Ta jinjina kai. Ta tsince tsakuwa ta yar. “Cikin masu sauka gidan nan an taɓa samun wanda ya kwashe mana kaya ya gudu da asuba. Babanku bai rufe ƙofa ba.”

Ranar shuka ita ta narka sukarin. Ta ɗanɗana da yatsa ta ce bai ji ba, ta ƙara, ƙanena yana cewa ya isa tana yi kamar ba da ita yake ba. Ta yi bisimilla, ta barbaɗa garin, ta cakuɗa da hannunta har irin ya yi baƙi, hannun ma ya yi baƙi har wuyansa. Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na matsa, sai na ji sannu da zuwa take yi musu. Ta baza a zaure ta zauna a wurin tana gadi har ya sha iska, ta juye a kwano.

Motokin ɗin da muka samu ba shi da rumfa, kuma kafin mu fita unguwa rana ta fara zafi. Mma mace ce da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi. Muna hawa titi ta zare mayafin daga kanta, ta ninka shi, ta lulluɓe kwanon da ke cinyarta, ta bar ɗankwali kawai. Tana da hawan jini, ni nake auna ta, na san abin da rana ke yi mata.

“Mma, mayar da mayafinki. Kawo in rufe da nawa.”

“Bar ni,” in ji ta. “Ni na shanya su.”

A jakata akwai ’yar kwalbar maganin wanke hannu, wadda ba na rabuwa da ita, wadda nake tsiyaya wa kowa ko bai nema ba. Na dubi hannun Mma a kan kwanon, baƙi ƙirin, na bar kwalbar inda take. Haka muka ratsa Gurugu, kanta a rana, irin Baba da baƙinsa a inuwa, har muka isa gona.